Yadda Ake Gina Ƙwarewar Harbi da Ƙaramar Bindiga Daki-Daki

Wata safiya ta hunturu a filin koyon harbi da ke bayan garin Sakkwato, na tsaya bayan wani matashin jami'i da aka ba harsashi goma, aka kafa masa takarda a nisan mita 15. Kafin in gama gyara abin toshe kunnena ya riga ya ƙarar da su duka. Da muka je duba takardar, huji biyu muka samu, su ma can ƙasa ta hagu, sauran takwas ɗin sun tafi cikin tudun ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wannan bindigar ba ta da saiti." Malamin da ke kula da filin bai ce masa komai ba, ya karɓi bindigar, ya sa harsashi biyar, ya tsaya a inda yaron ya tsaya, ya harba su a natse, kuma duka biyar suka taru a wurin da tafin hannu zai rufe. Bindigar lafiyarta ƙalau. Abin da ya gaza shi ne yatsan mai riƙe da ita, kuma gyaran wannan yatsa shi ne mafi yawan abin da wannan jagora ta ƙunsa.

Ya kamata a san tun farko wa ake yi wa magana. A ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi a Najeriya, fistol da libarba suna cikin rukunin makaman da aka haramta wa jama'a mallaka sai da lasisi daga shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba yana iya fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Saboda haka wannan bayani na jami'an da aiki ya ɗora wa riƙe ƙaramar bindiga ne, wato 'yan sanda, sojoji irin na barikin Giginya, jami'an kwastan da na shige da fice da na sibil difens, sai kuma masu wasan harbi da fistol mai aiki da iska waɗanda suka bi ƙa'idar lasisi. Duk atisayen da za a ambata da harsashi mai rai, a filin harbi na hukuma ake yin sa, ƙarƙashin idon malami.

Kafin a taɓa kunama

Ƙa'idoji huɗu ne suka yaɗu a duniya ta hannun Kanar Jeff Cooper, tsohon sojan Amurka da ya kafa makarantar harbi a jihar Arizona a 1976. A ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, ko da mutum shi ya sauke ta da hannunsa minti ɗaya da ya wuce. Kada a nuna bakinta ga abin da ba a shirya lalatawa ba. Yatsa ya kwanta a miƙe a jikin bindiga, nesa da kunama, har sai an daidaita saiti kuma an yanke shawarar harbi. Sannan a tabbatar da abin da ake bara da abin da ke bayansa, domin harsashin milimita 9 yana fita da gudun da ya wuce mita 350 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan aka ɗaga baki sama yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya faɗo. Wannan shi ya sa harbin sama da ake yi a wasu bukukuwa ganganci ne tsantsa. Hikimar ƙa'idojin ita ce suna kare juna, ta yadda sai an karya biyu a lokaci guda kafin a ji wa wani ciwo.

Kunne da ido ma suna da haƙƙi. Ƙarar fistol tana kaiwa wajen desibel 160, alhali abin da ya haura 140 yana iya lalata ji nan take, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A toshe kunne, a sa tabarau mai kare ido daga kwanson da ke tsalle, kuma bayan an gama a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɓare goro, saboda dalmar da ke cikin harsashi tana maƙalewa a fata.

Mataki na farko: tsayuwa da riƙo, bindiga ba harsashi

A buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, a ɗan ja ƙafar ɓangaren hannun harbi baya kaɗan, a sassauta gwiwoyi, a karkato ƙirji gaba ta yadda nauyin jiki zai sauka a kan gaban tafin ƙafa. Sabon mai koyo yakan yi akasin haka, ya banƙare baya yana nisanta fuskarsa da bindiga, sai harbi na uku ya same shi a kan dugadugansa. Akwai salon da wani ɗan sandan Kalifoniya mai suna Jack Weaver ya shahara da shi a ƙarshen shekarun 1950, inda ake karkata jiki a lanƙwasa gwiwar hannu, amma ni na fi son mai koyo ya fara da miƙa hannuwa biyu daidai yana fuskantar takarda, don ya fi sauƙin maimaitawa iri ɗaya kullum.

Riƙo ya fi tsayuwa muhimmanci. A cusa tsakanin babban yatsa da manuni can sama a bayan mariƙi, kada a bar wani gibi, domin iya kusancin hannu da layin bututu, iya raguwar ɗagawar baki bayan harbi. Yatsu uku na ƙasa su naɗe mariƙin. Za a ga wani fili ya rage a gefen mariƙi, to nan ne tudun tafin ɗaya hannun zai cika, yatsunsa kuma su rufe na farkon, manyan yatsu biyu suna kallon gaba. Kada babban yatsa ya ratsa ta bayan murfin saman bindiga da ke zamewa baya idan an harba, don murfin yana dawowa da ƙarfi kuma yana yanka. Mai libarba shi kuma ya nisanta yatsunsa daga tsagar da ke gaban gangar harsashi, inda wuta ke fesowa. Hannun taimako shi ne zai matse sosai. Hannun harbi ya riƙe da ƙarfi daidai gwargwado, irin riƙon da ake yi wa ƙotar fartanya, domin idan aka matse shi har ya sandare, yatsan kunama ba zai iya motsi shi kaɗai ba.

A wannan matakin ne kuma ake gano idon da ya fi rinjaye. A haɗa hannuwa a bar ɗan rami tsakaninsu, a kalli wani abu mai nisa ta cikin ramin da idanu biyu, sannan a rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin ya tsaya a cikinsa shi ne mai rinjaye, kuma gabansa za a riƙa kawo bindiga.

Mataki na biyu: saiti

Fistol tana da ɗan ƙaho a gaba da wata tsaga a baya. Aikin shi ne a sa ƙahon a tsakiyar tsagar, samansu ya yi daidai, hasken da ke gefe da gefe ya zama iri ɗaya. Ido ba ya iya ganin abubuwa uku masu nisa daban-daban tangaran a lokaci guda, don haka dole a zaɓi ɗaya, kuma wanda ake zaɓa shi ne ƙahon gaba. Takardar za ta yi dishi-dishi, kuma haka ake so.

Dalilin wannan lissafi ne mai sauƙi. Tsakanin ƙahon gaba da tsagar baya a yawancin fistol ɗin aiki bai wuce santimita 15 zuwa 17 ba. Idan ƙahon ya kauce da milimita ɗaya kacal, harsashi zai kauce da kusan santimita 7 a nisan mita 10, a mita 25 kuma da kusan santimita 17. Amma idan saitin yana daidai, hannu ne kawai ke ɗan yawo a kan takarda, kaucewar ba za ta wuce iyakar yawon ba. Babu ɗan Adam ɗin da hannunsa ba ya rawa. Wanda ya ce sai bindiga ta tsaya cak sannan zai harba, shi ne yake fizgar kunama a daidai lokacin da ƙahon ya gifta tsakiya, kuma a nan ne ɓarnar take.

Mataki na uku: kunama, inda aikin yake

Fistol irin Glock 17 ba ta kai kilo ɗaya ba ko da cike take, amma kunamarta tana buƙatar matsin kusan kilo biyu da rabi kafin ta tashi. Ke nan ana neman mutum ya danna abu da ƙarfin da ya ninka nauyin bindigar fiye da sau biyu, ba tare da bindigar ta gusa ko da milimita ɗaya ba. Wannan ita ce wahalar harbi da ƙaramar bindiga gaba ɗayanta, kuma shi ya sa mutum yana iya zama gwani da doguwar bindiga mai jingina a kafaɗa, a ba shi fistol ya kasa samun ƙofa.

A ɗora tsakiyar gaɓar farko ta manuni a kan kunama. A ɗebe sakin da ke farkonta har a ji ta yi tauri, sannan a ci gaba da ƙara matsi a hankali, kai tsaye zuwa baya, ba tare da tsayawa ba, ido na kan ƙahon gaba, har ta tashi. Bayan ta tashi kada a saki yatsa farat ɗaya, kada kuma a leƙa takarda. A riƙe saitin na daƙiƙa ɗaya ko biyu tukuna. Numfashi kuwa, a ja, a sake, a danna a cikin ɗan hutun da ke biyo bayan sakin. Idan an wuce daƙiƙa takwas ba a harba ba, ido zai fara gajiya, hannu ya ƙara rawa, gara a sauke a sake ɗagawa.

Duk wannan ana koyon sa ne ba tare da harsashi ba, kuma ga jami'in da ba ya samun harsashin atisaye sai jefi-jefi, wannan ita ce babbar dukiyarsa. Tsarin yana da tsauri, kuma bai kamata a sassauta shi ba: a cire gidan harsashi, a ja murfi baya a duba maƙogwaron bindiga, wato inda harsashi ke zama kafin ya tashi, da ido, a taɓa da yatsa, a sake dubawa, a fitar da duk wani harsashi mai rai daga ɗakin, sannan a fuskanci bango mai kauri wanda babu mutane a bayansa. Jami'in da ke mayar da bindigarsa ma'ajiya kullum ya nemi izinin shugabansa ya yi wannan a wurin da aka keɓe a bariki. Minti 10 a rana, kwana biyar a mako, ya fi awa biyu rana ɗaya. Idan an gama a faɗa da baki cewa an gama, a ajiye, kada a ce bari in ƙara ɗaya, domin haɗurran irin wannan atisaye sukan faru ne bayan an mayar da harsashi, hannu ya manta.

Atisayen da na fi yarda da shi guda biyu ne. Na farko, a kusanci farin bango har bakin bindiga ya rage kaɗan ya taɓa shi, babu wani ɗigo da ake bara, sai kallon ƙahon gaba kawai. A danna, a ga ko ya motsa. Na biyu, a sa abokin aiki ya ɗora kwabo a kwance a kan ƙarshen murfin bindiga, ko kwanson da aka riga aka harba a tsaye, tunda kwabo ya yi wuyar gani a kasuwa yanzu. A danna kunama ba tare da ya faɗi ba. Ma'aunina shi ne sau goma a jere. Wanda ya faɗar a na bakwai ya koma ɗaya. Masu fistol ƙirar .22 su sa harsashin roba marar albarushi a ciki kafin su yi wannan, don dannawa a wofi tana iya lalata allurar da ke bugun harsashi.

Mataki na huɗu: harsashi mai rai, daga kusa

A fara a mita 3. Na san wannan yana taɓa girman kan jami'i, musamman idan ƙananansa suna kallo, amma a wannan nisan babu abin da za a ɗora wa laifi, ba iska ba, ba saitin bindiga ba. A ɗauki farar takarda, a ɗora gwangwanin madara a kai a zagaye gindinsa da biro. A harba biyar, ɗaya bayan ɗaya, ana sauke hannu ana hutawa tsakaninsu. Idan biyar ɗin sun shiga da'irar sau uku a jere, a koma mita 5, sannan 7, sannan 10. Daga mita 10 zuwa 15 sai a faɗaɗa da'irar zuwa girman ɗan faranti, a mita 25 kuma cikakkiyar takardar rubutu ta wadatar. Sharaɗin bai canza ba a kowane nisa: ba a ƙara gaba sai an cika ma'auni, kuma ranar da aka kasa, a dawo taku ɗaya baya ba tare da jin kunya ba.

A farkon lamari kada a damu da ko hujin yana tsakiya. Abin nema shi ne su taru wuri ɗaya. Huji biyar da suka taru a gefe sun nuna mai harbin yana maimaita abu ɗaya, kuma gyaransa ɗan kaɗan ne. Biyar da suka watse kamar an watsa gero, ko da ɗaya ya faɗa tsakiya, sun nuna babu abin da aka kama tukuna. Galibi mai harbin yana kallon takarda ne ya bar ƙahon gaba. Idan na-dama yana tara su ƙasa ta hagu, ko bahago ƙasa ta dama, to fizgar kunama ce haɗe da matse sauran yatsu a lokacin harbi.

Tushen wannan fizga tsoro ne na jiki, wanda ba shi da alaƙa da jarumtar mutum. Jiki ya san ƙara da zaburar bindiga suna tafe, sai ya tura bindiga ƙasa don ya tare su kafin harsashi ya fita, kuma mai harbin ba ya ji, saboda zaburar gaskiya tana rufe ta. Maganinta shi ne a ba malami gidan harsashi ya cakuɗa na roba da masu rai ba tare da mai harbin ya gani ba. Haka aka yi wa yaron da na ambata. Harbi na farko da na biyu suka tashi, a na uku kunama ta ce ƙyas, babu ƙara, sai ga bakin bindiga ya dunguri ƙasa kamar kaza ta kai sara, idanunsa biyu a runtse. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Oga, ashe ni ne." Malamin ya amsa masa, "Kai ne, ɗan samari, kuma kowa a nan ya bi ta wurin." Duk lokacin da aka kama kai haka, a sauke bindiga a yi dannawa biyar masu tsabta a wofi kafin a koma kan mai rai.

Daga nan sai a koyi faɗin inda harsashi ya tafi kafin a duba takarda. Idan ido yana buɗe a kan ƙaho lokacin da bindiga ta tashi, mutum zai san ƙahon yana ɗan sama ne ko yana hagu, ya faɗa, sannan a duba. Ranar da faɗarsa ta fara dacewa da hujin, ya zama malamin kansa.

Abubuwa biyu suna tsayar da harbi nan take. Idan aka danna kunama a kan harsashi mai rai bai tashi ba, a filin koyo a bar baki yana kallon tudu na daƙiƙa 30 kafin a buɗe. Idan kuma aka ji ƙara mai rauni da zabura 'yar kaɗan, kada a sake dannawa, domin mai yiwuwa harsashi ya maƙale a bututu, kuma na biyu zai iya fasa bindigar a hannu. A ɗaga hannu a kira malami.

Mataki na biyar: sauri, da sauran abubuwa

Sauri shi ne na ƙarshe, kuma ba a neman sa da gaggawa. A koma mita 5, a fara daga riƙe bindiga a gaban ƙirji baki na kallon ƙasa ta gaba, a ɗaga, a sami ƙaho, a harba ɗaya. Bayan wannan ya zauna sai a yi biyu a jere, ana barin ƙahon ya dawo cikin tsaga kafin na biyu. Idon ne yake ba da izini. Abokin aiki ya riƙe agogon waya, a rage lokaci kaɗan-kaɗan har hujin ya fara fita daga da'ira, nan ne iyakar mutum ta yau, sai a ja baya kaɗan a zauna a wurin. Zaro bindiga daga kube a yi shi ɗaruruwan sau ba harsashi tukuna, a hankali, yatsa a waje, kuma mayar da ita kube a yi shi ana kallo, babu hanzari, bayan an tabbatar gefen riga bai shiga ba. Harbi da hannu ɗaya da canza gidan harsashi suna biyo baya a kan wannan tsarin. Jami'in ɗan sanda kuma ya haɗa wannan da karatun Umarnin Runduna mai lamba 237, wanda ya fayyace lokacin da doka ta yarda a yi amfani da makami.

Ga wanda yake son ganin iyakar da natsuwa ke kaiwa, ya dubi gasar fistol mai iska ta mita 10, inda ake harbi 60 cikin minti 75 da hannu ɗaya, da'irar tsakiya kuma faɗinta milimita 11.5 ne kawai. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Yusuf Dikeç na Turkiyya ya ci azurfa a rukunin haɗin gwiwa yana da shekara 51, hannu ɗaya a aljihu, duniya ta yi ta mamakin sanyin jikinsa, alhali wannan ita ce gasar Olamfik ta biyar da ya halarta.

Yanayin Sakkwato yana da nasa hukunci a kan jadawali. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, gumi yana sa mariƙi santsi, ƙarfen da aka bari a rana kuma yana ƙona hannu, don haka a yi atisaye bayan asuba zuwa hantsi, a ajiye tsumma da ruwan sha, a sa harsasai a inuwa. Da hunturu ƙura ce matsalar: mai da yawa yana kama ta ya zama laka a cikin bindiga, saboda haka a shafa kaɗan a goge. Goro da shayi mai kauri suna ƙara rawar hannu, a jinkirta su sai an gama. A watan azumi kuwa na ga ya fi kyau a bar harsashi mai rai da yamma, a wadatu da dannawa a wofi.

A sayi ƙaramin littafi na aljihu. Kowace fita a rubuta kwanan wata, nisa, adadin harsashi, faɗin tarin huji da aka auna da rula, da kuskure ɗaya da aka lura da shi, wanda shi za a fara da shi a fita ta gaba. Idan harsashi 20 aka bayar, a kashe biyar a mita 5 don ɗumama hannu, goma a nisan da ake fama da shi tare da na roba a cakuɗe, biyar na ƙarshe kuma a dawo kusa a harba su a natse, a cire takardar a rubuta kwanan wata a jikinta, a naɗe ta a cikin littafin.